Ba a Fafe Gora Ranar Naƙuda



Duk wanda ya taɓa bi ta gaban ƙaramin asibitin unguwa ranar awo ya san yadda wurin yake. Kafin ƙarfe takwas bencina sun cika. Wata ta shimfiɗa ɗankwali a kan siminti ta zauna, wata na goye da yaro ga kuma ciki ya turo gaba, kowacce riƙe da katinta a cikin leda. Malamar asibiti ta fito, a yi addu'a, a yi 'yar waƙa da tafi, sannan ta ɗaga wani allon hotuna da rana ta cinye kalarsa, ta fara bayani. A ci ganye da wake. A kwana cikin gidan sauro. A sha ƙwayar ƙarin jini ko da tana tayar da zuciya. In an ga jini kada a jira gari ya waye. Cikin minti 20 an gama, sai layin hawa sikeli da gwajin hawan jini. Wannan shi ne ajin shirin haihuwa na yawancin matan ƙasar Hausa, kuma ba abin rainawa ba ne.

To amma a leƙa waje. A gindin darbejiyar bakin asibitin akwai maza huɗu ko biyar a kan babura, suna latsa waya, suna jiran a fito. Su ma ɗin su ne na kirki, tunda sun kawo. Sauran suna kasuwa ko gona, sun ba da kuɗin mota sun sauke nauyi. Uwar miji tana gida, ita da ta haifi tara a ɗakinta ba ta ga amfanin wannan zirga-zirgar ba. Ranar da haihuwa ta zo da gardama, waɗannan da ba su ji ko kalma ɗaya ta darasin ba su ne za su ce a tafi ko a dakata. Wadda ta ji darasin kuwa tana kan gwiwa, ba ta da bakin magana.

Alƙaluma ma haka suka nuna. Babban binciken lafiyar iyali da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cewa kashi 67 cikin 100 na masu ciki sun je awo wurin ma'aikacin lafiya, amma kashi 39 ne kacal suka haihu a asibiti. A Arewa maso Yamma fiye da rabin mata suna zuwa awo, masu haihuwa a asibiti kuwa kashi 16 ne. Ke nan mata da yawa suna zuwa aji, ranar jarrabawa sai a neme su a rasa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a 2023 mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duk duniya. In aka raba a kan kwanakin shekara, sama da 200 ke nan kullum. Bas mai cin mutum 18 guda 11, maƙil da mata, kowace rana ta Allah. Da a kan titin Kano zuwa Zariya suke kifewa, da tuni ƙasa ta ɗauka.

Ba yau aka san haka ba. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya, suka buga sakamakon a 1985. Abin da ya fi fitowa fili shi ne, mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda aka kawo a gurguje bayan an gama duk dabarun gida.

Shi ajin shirin haihuwa irin na zamani daga Turai ya taso, kuma damuwar da ta haife shi daban take da ta nan. Wani likita ɗan Ingila, Grantly Dick-Read, ya fitar da littafi a 1933 yana cewa tsoro ne ke sa jikin mai naƙuda ya ɗaure, ɗaurewar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara tsoro. Maganin a ganinsa shi ne a yi wa mace bayanin abin da ke faruwa a jikinta tun kafin ranar. A 1951 wani likitan Faransa, Fernand Lamaze, ya je Tarayyar Sobiyet ya ga yadda ake koya wa masu ciki sarrafa numfashi, ya komo birnin Faris ya fara koyarwa a asibitin haihuwa na ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa. Abin ya jawo ce-ce-ku-ce har sai da Fafaroma Pius na 12 ya fito a 1956 ya ce addininsu bai hana ba. A shekarar ce kuma wata 'yar Ingila, Prunella Briance, wadda jaririyarta ta rasu wurin haihuwa, ta sa talla a jarida tana neman mata masu irin damuwarta. Ƙungiyar da ta kafa, wadda aka fi sani da NCT, har yau tana shirya azuzuwa inda mata da mazajensu ke zama tare.

Mutanen Finlan kuwa wayo suka yi. Tun 1938 gwamnati ke ba talakawa masu ciki kwali cike da kayan jarirai, a 1949 aka ce kowa ma a ba ta, da sharaɗi ɗaya: sai ta je awo kafin ciki ya wuce wata huɗu. Kwalin kansa da 'yar katifa a ciki, ya zama gadon jariri.

Duk waɗannan darussa an gina su ne a kan cewa akwai motar asibiti, akwai jini a ajiye, kuma mace ce da kanta za ta ɗaga waya ta kira. Shi ya sa in aka kwaso su ɗungurungum aka kawo Gumel ko Tasawa, sai su zama kamar an ba mai jin yunwa asuwaki. Koyon numfashi yana da amfani, amma ba rashinsa ke kashe matan Arewa ba.

Kuma kada a ɗauka Bahaushe ba shi da tasa makarantar. Yana da ita, tsohuwa ce, a wasu fannonin ma ta fi ta Turawa. Mai cikin fari ana mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta ko gwaggonta. Ungozoma ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka. Mai jego ta yi kwana 40 ba ta daka, ba ta zuwa rijiya, ana dama mata kunu, ana gasa mata nama, ana dafa mata ruwa, 'yan barka suna shiga suna fita. Matar da ta haihu a wani bene a Landan, miji ya koma aiki bayan mako biyu ya bar ta ita kaɗai da jariri mai kuka, da za ta ga wannan gatan da ta yi sha'awa. A 1980 aka buga wani ɗan ƙaramin bincike daga ƙasar Gwatamala, inda aka sa wata mace wadda ba ma'aikaciyar lafiya ba ta zauna kusa da mai naƙuda, tana riƙe mata hannu, tana shafa mata baya, tana yi mata magana. Naƙudar waɗanda aka zauna da su ta ɗauki kimanin awa 9, ta sauran kuwa awa 19. A 2017 aka tattara bincike 26 da suka shafi mata sama da 15,000, aka ga cewa mai naƙudar da ke da mai tsaya mata ta fi saurin sauka, kuma ba ta cika kaiwa ga tiyata ba. Turawa yanzu kuɗi suke biya a yi musu wannan aiki. A nan gwaggo ce ke yin sa kyauta, sai dai asibitoci da yawa a bakin ɗakin haihuwa suke tsayar da ita. Wannan na daga cikin dalilan da mata ke cewa gara gida.

Inda tsohuwar makarantar ta gaza shi ne wurin magana. Darasinta na farko kunya ne, na biyu dauriya. Yarinya ta ɓoye ciki har sai zane ya tona mata asiri, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Ba a gaya mata yadda naƙuda take. Abin da ake gaya mata shi ne kada ta yi raki, kada ta ba da mu. Sai ta shige ɗaki ta cije, a yaba mata in an ji kukan jariri ba a ji nata ba. Idan abu ya daɗe a ce zaƙi ne ya tare hanya, a kawo jiƙe-jiƙe. A wasu wuraren a kira mai aska a yi yankan gishiri. Yarinyar da kan ɗa ya fi ƙarfin ƙugunta tana iya kwana biyu, uku a haka, kan yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Sakamakon yana nan a Babbar Ruga ta Katsina, inda likita ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinkin masu yoyon fitsari tun shekarun 1980, kuma har yau layi bai ƙare ba. Haka dakashi, nonon farko mai kauri da ke ɗauke da garkuwar jariri, tsofaffi da dama suna cewa a matse a zubar.

Labarin da ke tafe ba na gida ɗaya ba ne. Kowace ungozoma ta ga irinsa.

Mace ce mai haihuwa ta biyar, a wani ƙauye mai nisan kilomita 30 daga babban asibiti. Ta je awo sau uku, ta ji duk bayanin. Bayan sallar isha'i ta sauka lafiya, namiji, aka yi guɗa. Mabiyiya ba ta faɗo ba. Aka ba ta kwalba ta hura, aka sa mata muciya a baki don ta yi kakari. Faccalarta ce ta fara lura da zanen da ke ƙarƙashinta.

"Inna, wannan zane na uku ke nan fa ya jiƙe."

"Jinin biƙi ne, gara ya fita. Ke kin fi ni sanin haihuwa ne?"

"A'a Inna, amma malamar asibiti ta ce in ya yi yawa..."

"Kira min ƙanin mijinku."

Ƙanin ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa. "Inna, na kira Yaya sau biyar, wayar ba ta shiga. Yana hanyar Legas da shanu."

"To wa zai fitar da matar mutum cikin daren nan ba da izininsa ba?"

Sai wajen sha ɗaya da rabi wayar ta shiga. Ya ce a kai ta mana, me ake jira? Mai mota ɗaya ne a garin, aka buga masa ƙofa, ya ce babu mai a tanki, kuma in ta cika a motarsa wa zai ƙara shiga? Aka yi ciniki, aka tashi mai bumburutu. Ƙarfe biyu suka isa asibiti. Aka ce ana bukatar jini leda biyu, a kawo masu bayarwa. Mazan da suka rako ta suka dubi juna.

Babu mugu ko ɗaya a cikin labarin nan. Innar tana son surukarta, mijin bai hana ba, direban ma daga baya ya tashi. Abin da babu shi ne shiri. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu, kuma ma'aunin da likitoci suka daɗe suna amfani da shi rabin lita ne, wato cikin ledar ruwan sha guda ɗaya ta bakin titi. Masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, sun ba wannan abu suna a 1994, suka kira shi jinkiri uku: na yanke shawarar tafiya, na isa asibiti, da na samun kulawa bayan an isa. Biyun farko duk a hannun mutanen gindin darbejiya suke.

An gwada gyara ajin matan kansa, kuma ya yi amfani. Wata ungozomar asibiti a Amurka, Sharon Rising, ta fara awon rukuni a shekarun 1990. Maimakon layi da lacca, sai a haɗa mata takwas zuwa goma sha biyu masu ciki kusan wata ɗaya, su riƙa zuwa rana ɗaya, su zauna a da'ira, su auna nauyin juna da hawan jinin juna, su yi hira malama na jan ragama. Ƙungiyar Jhpiego ta gwada tsarin a jihar Nasarawa da ƙasar Kenya, aka buga sakamako a 2019. A Nasarawa kusan kashi 77 cikin 100 na matan rukuni sun haihu a asibiti, na awon da aka saba kuwa kashi 54. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Amaryar da ba za ta iya ɗaga hannu a gaban mata ɗari ta ce tana ganin farin ruwa ba, za ta faɗa a cikin ƙawaye goma. In ba ta zo ba kuma akwai mai aika mata yaro ya tambayi lafiya.

Amma gwajin da ya tunkari gindin darbejiya kai-tsaye a jihar Damagaram ta Nijar aka yi shi. A 2007 wani bincike da Asusun Kula da Yawan Al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗauki nauyi ya nuna cewa ikon maza da halinsu na cikin manyan abubuwan da ke hana mata zuwa likita.  Daga nan aka kafa abin da ake kira makarantar mazaje, aka fara da guda 11 a 2008, cikin 'yan shekaru suka haura 130 a jihar kaɗai.

Sunan makaranta ne, amma babu allo, babu malami, babu shugaba. Magidanta ne da ba su wuce 12 ba, suna haɗuwa kamar sau biyu a wata, galibi a inuwar bishiya ko harabar asibiti. Ba kowa ake ɗauka ba. Sai mai aure, wanda ya kai shekara 25, wanda matarsa ke zuwa asibiti, wanda gari ya shaida yana zaune lafiya da iyalinsa, kuma ya yarda zai yi aikin ba albashi. Ma'aikacin asibiti ya kawo musu alƙaluman wata: mata kaza suka zo awo, kaza suka haihu a nan, daga unguwa kaza ba a ga kowa ba. Sai su tambayi kansu, me ya hana? Wane ne a unguwar ke hana matarsa? Wa yake jin maganarsa? Sannan a tura mutum biyu su same shi, ba a gaban iyalinsa ba, a majalisa ko bayan sallar magariba ko wurin ɗaurin aure. Liman da mai gari suna ciki ko suna kusa.

Hikimar a nan take. Magidanci Bahaushe ba ya son yarinyar da ba ta kai 'yarsa ba, don ta sa fararen kaya, ta tsaya tana gaya masa yadda zai tafiyar da gidansa. Amma in sa'ansa ne, wanda suke cin tuwo tare a ƙofar gida, ya ce masa "Malam, ni ma da haka nake, sai da na kusa rasa uwar 'ya'yana," zai saurara. Rahotannin shirin sun ce a wasu garuruwan yawan masu haihuwa a hannun ma'aikatan lafiya ya ninka. Ƙasashe irin su Burkina Faso da Kodebuwa sun kwaikwaya.

Gaskiya biyu ya kamata a faɗa a nan. Ta farko, a daidai wannan lokacin ne gwamnatin Nijar ta mayar da awon ciki da tiyatar haihuwa kyauta, don haka ba duk ƙaruwar ba ce za a jingina wa makarantar. Ta biyu, akwai masu sukar cewa tsarin yana ƙara tabbatar wa namiji cewa lafiyar matarsa sai da yardarsa. Sukar tana da tushe. Sai dai matar da ke zubar da jini yau da dare ba za ta iya jiran a gama wannan muhawarar ba, kuma mijin da ya zauna ya ji yadda mahaifa ke aiki ya fi sauƙin sakin ragama a kan wanda bai taɓa ji ba.

A wannan gefen iyakar ma an yi abubuwa masu kama da haka. Wani shirin lafiyar mata da yara da Birtaniya da Norwe suka tallafa wa a Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara ya yaɗa abin da ake kira izinin dindindin. Miji ya faɗa tun ciki yana ƙarami, a gaban mahaifiyarsa da ƙannensa, cewa ko yana nan ko ba ya nan, in an ga alamar haɗari a tafi. Magana ce ta minti ɗaya, ba ta cin ko sisi, kuma da ita da an ceci awa uku a labarin ɗazu. Garuruwa suka kafa asusun gaggawa kamar adashi, aka gwada jinin samari aka rubuta sunayen masu bayarwa. Aka shiga tasha aka yi magana da ƙungiyar direbobi ta NURTW, dabarar da wata tawagar masu bincike daga Sakkwato ta fara gwadawa a jihar Kebbi tun shekarun 1990. Direban da ya kai mai naƙuda asibiti, ladarsa a tasha ita ce a ba shi lodi ba tare da bin layi ba. Duk wanda ya san tasha ya san wannan ya fi takardar yabo. Jihar Sakkwato kuma a 2013 ta fara raba wa masu haihuwa a gida ƙwayoyin misoprostol guda uku da ake sha da zarar ɗa ya faɗo don rage zubar jini, da man chlorhexidine na shafa wa cibiya a madadin toka, man goge baki ko gashi da tsumma.

Abin da ake son kowane miji da kowace uwar miji su haddace bai kai karatun Fatiha tsawo ba. Jini, kafin haihuwa ko bayanta. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska, waɗanda ke gabatar jijjiga. Zazzaɓi mai zafi. Faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba. Ɗa ya daina motsi. Naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta, ko ta faɗi ta fito. Hannu ko cibiya ya riga kai fitowa. Mabiyiya ta wuce rabin awa zuwa awa guda. Jijjiga musamman tana bukatar a nanata, domin har yanzu gidaje da yawa in mai ciki ta fara taune-taune, hayaƙi ake nema da mai ruƙiyya, a ce iska ce. Hawan jini ne, kuma allurarsa tana asibiti. Ba a hana addu'a ba, a yi ta a cikin mota.

Bayan haihuwa kuma sai hankalin kowa ya koma kan rago da kayan suna, alhali kwanakin farko su ne mafi haɗari ga uwa da ɗa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ita ce mai jego ta yi awa 24 a asibiti, a sake duba ta a kwana na biyu zuwa na uku, sannan tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. Wanda ya lura zai ga jadawalin ya kusa dacewa da kalandar Bahaushe: kwana uku, suna, arba'in. Da za a ɗaura awon jego a jikin waɗannan ranaku da ba a manta shi ba.

Batun wankan jego yana bukatar adalci. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta yadda ciwon zuciya ya yi yawa a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawan gishiri, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. An daɗe ana koyar da haka. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya ya fi nuna yatsa ga talauci, rama, rashin karatu da hawan jinin ciki, wani aikin nasa kuma ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyom a jikin masu ciwon. Don haka malamar da ta tsaya ta ce wa tsofaffi al'adarsu ce ke kashe 'ya'yansu ta wuce abin da ilimi ya tabbatar, kuma ta rasa su. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ruwan da ke sale fata ya yi zafi da yawa, mai hawan jini ba ta bukatar kanwa, kuma mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki in ta kwanta, likitan zuciya take bukata a ranar.

Akwai kuma mai jegon da ba ta kumbura ba, ba ta zubar da jini ba, amma ta daina magana. Ba ta barci ko jariri ya yi barci, tana kuka ba dalili, ba ta son ɗaukar ɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fuskantar matsalar damuwa bayan haihuwa. A gida sai a ce miskilanci ne, ko kishi, ko an yi mata asiri. Ciwon yana da magani, kuma mijin da aka gaya wa tun da wuri shi ne zai fara ganewa. Gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in an yi musu haihuwa tun 2021. Da yawa a cikin zirga-zirgar suna yake ƙarewa.

Saura jinkiri na uku, wanda ba laifin miji ba ne. Babu amfanin a koya wa gari guda su garzaya asibiti in za su tarar da kwaɗo a ƙofa, ko ma'aikaciya ɗaya mai kula da mata shida da hasken waya, ko bakin da zai ce wa mai naƙuda lokacin da kike jin daɗinki ai ba ki kira mu ba. Mace ɗaya da aka yi wa haka ta isa ta rushe darasin shekara guda a unguwarsu. Gyaran wannan ɓangaren ma yana yiwuwa. A 2023 aka buga wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 200,000, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mai haihuwa, jini ya taru a gani da ido maimakon a yi kintace, in ya kai layi a haɗa duk magungunan a lokaci ɗaya. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100. A Nuwamban 2024 kuma Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu a asibitocin da aka zaɓa. Aikin ajin unguwa ne ya gano wane asibiti ne mafi kusa a cikinsu, ya gaya wa direba.

Su mazajen Damagaram da suka ci karo da wannan jinkirin ba su rubuta wa gwamnati takardar koke ba. A wasu garuruwan da suka bincika dalilin da mata ke ƙin zuwa, sai suka tarar asibitin ba shi da makewayi, mai naƙuda ba ta da ɗakin da za ta jira a cikin sutura, ungozomar gwamnati kuma ba ta kwana a garin saboda ba ta da masauki. Suka yi gayya, suka kwaɓa ƙasa, suka buga tubali. Suka gina makewayi, suka gina ɗakin jira, suka gina wa ungozoma gida a jikin asibitin, inda mai buga ƙofa ƙarfe biyun dare zai same ta.